Idon Gidan Darakta

A duk faɗin garin babu zuriyar da Allah ya yi wa baiwar ido irin zuriyar Darakta. Wannan ba cika baki ba ne, abu ne da hukuma da kanta ta shaida. Duk sa'ad da ya je sabunta lasisinsa, sai a tsayar da shi gaban allon nan na haruffa, ya karanto su tiryan-tiryan, tun daga ƙaton na sama har zuwa 'yan mitsi-mitsin ƙasa masu kama da kashin ƙuda. Sannan, don kada a ce ya yi rowa, ya ƙara wa ma'aikacin da sunan kamfanin da ya buga allon, wanda shi kansa ma'aikacin sai ya matso ya sa tabarau kafin ya yarda akwai rubutu a wurin.

"Gado ne," in ji Darakta, yana gyara wuyan riga. "Mu a gidanmu ido ba ya tsufa."

Shi ne daraktan wata makarantar koyon tuƙi mai motoci biyu, ɗaya tana tafiya, ɗayar tana ƙarƙashin bishiya tana ciyar da 'yar'uwarta da kayan gyara. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Tsoho, direban babbar mota ne a zamaninsa. Yanzu ya yi shekaru yana zaune a kujera ɗaya a bakin ƙofar ɗakinsa, yana juya fuska duk inda murya ta fito. Ba makaho ba ne. Ya dai ga abin da zai gani a duniya, ya ishe shi. Haka ake faɗa a gidan, haka ake faɗa wa baƙi, baƙin kuma masu ladabi ne.

Matar Darakta, wadda ake kira Malama saboda tana koyar da lissafi a makarantar firamare, ta shigo gidan tana amarya ta tarar da dokoki. Ƙofa ko a buɗe wangale ko a rufe ruf, ba a barin ta rabi. Ba a ajiye bokiti a hanya. Kujera in an ja ta, a mayar da ita kan sawunta. Ba a miƙa wa maigida abu ta gefe, sai an zagayo ta gabansa. Mai shiga ɗaki ya yi magana tun daga bakin ƙofa, ko da gyaran murya ne. Kafin magariba maza suna gida, fitilu duk a kunne. An ce mata tarbiyya ce, ta yarda, har ta yi wa ƙawayenta yanga da ita. Sai da ta haifi na fari, wata rana ta miƙa wa mijinta jaririn ta gefen dama, ta tsaya hannu a miƙe har ya yi tsami, shi kuwa yana ta ba ta labarin wani ɗalibinsa, idonsa a kan bango, sannan ta gane wace irin tarbiyya ce. Ta zagayo ta gabansa.

Abin da ya fitar da sunan makarantar shi ne tsarin koyarwar Darakta, wanda ya ce ya ƙirƙiro shi ne bayan dogon nazari. Ɗalibi ba ya tuƙi baki a rufe. Duk abin da idonsa ya faɗa a kai, hagu da dama, gaba da madubi, sai ya faɗe shi da ƙarfi. "Mai babur a hagu! Mace a dama, tana neman tsallakawa! Rami a gaba!" Darakta na gefe, ƙafarsa a kan birkin malami, yana gyaɗa kai kamar alƙalin da ya riga ya san gaskiyar magana, yana jira kawai ya ji ko mai shaida zai yi ƙarya. Wanda ya yi shiru ya sha faɗa. Kuma ba a musu, ɗalibansa sun fi na kowa nutsuwa a titi, har ƙungiyar direbobi ta ba shi lambar yabo ya rataye a ofis. Malama kaɗai ta san cewa shekara da shekaru mutane ke biyan mijinta don su ara masa idanunsu.

'Ya'ya uku ta haifa. Kowanne ta sa masa ido yana tasowa, musamman da almuru in haske ya fara janyewa: wa ke laluben bango, wa ke tuntuɓe da takalmin da kowa ya tsallake. Manyan biyu sun tsira, sun yi aure sun watse. Auta kuwa tun tana ƙarama gwiwarta ba ta rabuwa da ciwo, amma Auta akwai rawar kai, Malama kuma ta riƙe wannan dalilin da hannu biyu.

Yanzu Auta ta gama makaranta, ta zauna ba aiki har ta fara magana da kyanwa. Sai wata mata mai makarantar renon yara ta ce tana neman direba mace da za ta riƙa ɗauko yaran da safe tana mayar da su da yamma, don iyaye sun fi sakin jiki da mace. Da zarar Auta ta samu lasisi, motar tata ce. Darakta ya ɗauki abin kamar naɗin minista. Ya faɗa wa ɗalibai, ya faɗa wa mai faci, ya faɗa wa uwar saurayin Auta, wata mata mai yawan tambaya a kan asalin mutane, wadda har yanzu ba ta gama yanke shawara a kan gidan ba.

Wata ranar hutu Malama za ta unguwa, Darakta ya ce ta shiga baya su sauke ta, ta ga yadda jini ke aiki. Auta ta kama sitiyari kamar a kansa aka yanke mata cibiya. Giya na shiga ba ƙara, mota na tashi ba fizga.

"Tasi a gaba, ya tsaya ba sigina."

"Jaki ne. Ci gaba."

"Rami a tsakiya, zan kauce."

"Kina ji, Maman Auta? 'Yar wa?"

"'Yarka ce," in ji Malama.

Tun daga mahaɗar hanya wani mai keke ke tafe a gefensu ta hagu, ya ɗauro dogayen katakai a baya, sanye da riga ruwan ɗorawa irin wadda ake hangowa daga wata unguwa. Kusa yake har Malama na ganin gumin wuyansa. Ta jira ta ji an ambace shi. Auta ta ambaci wata babbar mota, ta ambaci fitilar hanya, ta ambaci wani kare can nesa da ita Malama ba ta ma hango ba. Mai keke bai samu shiga ba. Sai ta ji Auta ta ce, "Hagu ba kowa, zan karya kwana," Darakta ya ce, "Bismillah."

Ihun da Malama ta yi, ita kanta ba ta san tana da irinsa ba. Ƙafafu biyu suka taka birki biyu. Katakai suka watse a titi, mai keke ya faɗi gefe, gwiwar hannunsa ta ɗaye.

"Daga ina ya ɓullo?"

Tare suka faɗa, uba da 'ya, murya iri ɗaya, kai ya juyo gaba ɗaya har da kafaɗa, iri ɗaya.

"Tun daga mahaɗa nake gefenku!" in ji mutumin yana tashi. "Ku makafi ne?"

Jama'a sun riga sun taru, kuma duk sun san motar. Wani mai shago ya bushe da dariya. "Darakta kake ce wa makaho? Kai baƙo ne?" Darakta ya fito ya yi wa mutumin karatu a kan haƙƙin mai keke da iyakarsa, a natse, da misalai. Kafin a watse mai keken ne ya ba da haƙuri. Malama ta ce ta fasa unguwar, kanta na ciwo.

Cikin makon Malama ta ce wa mutanen gida za su wajen tela, ta ja Auta asibitin ido. An fara da allon haruffa. Auta ta karanto har layin ƙasa, ta waiwayo ta yi wa uwarta wani kallo.

"Mama, mun gama? Ko in karanta musu sunan kamfanin?"

Ba su gama ba. Aka shigar da su wani ɗaki mai duhu, aka sa Auta ta ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da farin kwano a tsaye, aka rufe mata ido ɗaya, aka ba ta maɓalli. Ta kafe ido a kan ɗigon tsakiya, duk inda ta ga haske ya ƙifta ta danna. Malama na zaune a baya, daga inda take tana hango cikin kwanon. Haske ya ƙifta kusa da tsakiya, maɓalli ya yi ƙara. Ya ƙifta a gefe, shiru. Ya sake ƙiftawa, ya fi na ɗazu ƙarfi, shiru. Ya ƙifta sama, ya ƙifta ƙasa, ya zagaye gefen kwanon yana ta sallama, babban yatsan Auta na nan a sake a kan maɓallin, yana jiran a fara.

"Injin naku ya tsaya ne?" in ji Auta.

Likitan mutum ne da ya gaji, ga alama tun kafin su zo. Ya leƙa idon da fitila, ya daɗe, sannan ya jingina.

"Kina wahala da duhu?"

"Kowa na wahala da duhu."

"Ke fa?"

Auta ta kawar da kai.

"A can bayan ido akwai wata shimfiɗa da hoto ke sauka a kai," in ji shi. "A wasu gidajen takan fara mutuwa daga gefe, ta riƙa cin hanya zuwa tsakiya a hankali. Da dundumi yake farawa. Tsakiyar takan daɗe garau, shi ya sa kike karanta allo fiye da ni. Amma kamar mai leƙe ta bututu kike, bututun kuma ƙara tsukewa yake yi. Gado ne. Akwai mai shi a gida?"

"Babu," in ji Malama. Da kanta kalmar ta fito, kamar amsa sallama. Sai ta gyara. "Akwai. Babanta. Da kakanta."

"Magani fa?"

"Wanda zai tsayar da shi ba mu da shi, kuma ba zan aika ku wani wuri ku sayar da gida a kan alkawari ba. Yana iya ɗaukar shekaru masu yawa. Wasu har su tsufa da ɗan sauran gani. Akwai abubuwan da za mu koya mata da za su sauƙaƙa."

"Tuƙi fa?" in ji Auta.

"A'a."

"Da rana kawai. A hankali. Motar yara ce, ba gudu ake yi ba."

Likitan ya ajiye biro. "Motar yara," ya maimaita, ya dubi Malama. "Ni ba ɗan sanda ba ne. Na dai faɗa muku. Ku kawo mini baban nata ma. Wane aiki yake yi?"

"Yana ofis," in ji Malama.

A tashar bas Auta ta tsaya nesa da ita kaɗan, ta sa tabarau baƙi da suka ba ta saboda maganin da aka ɗiga mata.

"Kin sani?" in ji Auta.

"Na yi zato."

"Tun yaushe?"

"Na Babanki, tun Yayanki na goye."

"Kika ci gaba da haihuwa."

"Na ci gaba."

"Biyu sun fito lafiya, kika ce bari ki ƙara gwada sa'arki." Ta yi wata 'yar dariya. "Malamar lissafi."

Malama ta bar ta. Bas ya zo, ba nasu ba ne, ya wuce.

"Zan riƙa juya kai sosai," in ji Auta, muryarta ta sauko. "Kamar Baba. Shi bai taɓa kashe kowa ba."

"Shi yana da mai faɗa masa. Ke wa zai faɗa miki? Masu tsotsar yatsa?"

"To in zauna in yi me? In ja kujera kusa da ta Tsoho?" Ta juyo gaba ɗaya. "Mama, gwajin lasisin nan zan ci shi. Kin san zan ci. Allo za su nuna mini, su sa ni in zagaya fili da rana tsaka. Babu wanda zai hana ni."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya hana Malama cin abinci ke nan ranar.

Ta samu Darakta washegari a ofis bayan ɗaliban rana sun tafi. Ɗaki ne ƙarami, bangonsa cike da hotunan alamomin hanya da rana ta cinye musu launi. Ta yi gyaran murya a bakin ƙofa, ta zagayo ta zauna daidai gabansa, ta faɗa masa komai: kwanon, hasken, likitan. Ya saurara hannu a harɗe.

"Likitocin yanzu," in ji shi, "in ba su samu ciwo ba sai su ƙera shi. Yarinyar da ke hango kare daga..."

"Baban Auta."

"...daga inda ke ba kya hangowa. Ai kin gani da idonki."

"Na gani da idona. Ni kaɗai na gani a motar nan."

Ya sa hannu ya gyara biron da ke kan tebur, wanda dama a gyare yake.

"Kin san nawa ya rage mini?" Ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi ɗan zobe, ya ɗaga. "In na kalli idonki, bakinki babu. In na kalli bakinki, idonki babu. Na daɗe ina haɗa fuskarki guntu-guntu." Ya sauke hannun. "Ranar da aka ce 'yar Darakta ta fasa gwaji saboda ido, washegari za a tambayi idon wa ta gado. A rufe nan. Uwar yaron nan ta kwashe ɗanta. Yayyenta ma a fara duban 'ya'yansu a makaranta. Ni kuma in zama me? Faɗa mini sunan, ke da kika yi jami'a."

"Yara ne za ta ɗauka. 'Ya'yan mutane."

"To ki hana ta."

"Kai ne ubanta."

"Ni ba ni da dalili," in ji Darakta, muryarsa ta koma ta ofis. "A iya sanina idonta lafiya lau. Gwaji yana nan ranar da aka sa."

Da ta koma gida Tsoho ya ji tafiyarta tun daga ƙofa.

"'Yar nan, zo." Ta durƙusa gefen kujerarsa. "Kin kai mini ƙawar tawa wajen masu fitila, ko? Na ji ƙanshin asibiti a mayafinta. Tela ba ya wari haka."

"Na kai ta, Baba."

"Sun ce me?"

"Abin da ka sani."

Ya daɗe yana murza gwiwa. "Ni ba wanda ya taɓa faɗa mini, ban kuma faɗa wa mijinki ba. Mun dai riƙa gyara kujeru. Ki yi abin da za ki yi, amma kada ki sa a kira ta makauniya tun tana gani. Sunan ya fi ciwon sauri. Kafin ya kai ƙarshen layin nan an daina gaishe ta, sai dai a gaishe ki a tambaye ki ya jikinta, tana tsaye."

"In kuma ta take ɗan wani fa?"

"Ai shi ya sa na ce ki yi abin da za ki yi."

Kowa ya ba ta izini, babu wanda ya ba ta dalili. Ta yi kwanaki tana nema. Ta yi tunanin ɓoye makullin mota, ta yi tunanin ƙaryar ciwon ciki, duk na kwana ɗaya ne. Abin da take buƙata dalili ne da zai daɗe, wanda mutane za su karɓa ba tambaya, kuma ta lura mutane ba sa tambaya in an ba su wanda za su raina.

Ranar gwaji da safe an wanke motar har tayoyi. Gwaggon Auta, ƙanwar Darakta, ta zo takanas da turare da baki. Ɗalibai sun taru a ƙofar gida, mai faci ya bar facinsa, matan maƙwabta sun leƙo. Auta ta fito da makulli a hannu, ba ta kalli ɓangaren uwarta ba, ko da yake wannan ba ya nufin komai.

Malama ta tsaya tsakaninta da ƙofar motar.

"Ban yarda ba."

Da muryar aji ta faɗa, wadda ke kai wa bencin baya.

"Ban yarda 'yata ta zama direba ba. Aikin maza ne. Mace ta wuni a titi tana cacar baki da 'yan tasha? Ba da ni ba. In kika shiga motar nan ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Gwaggo ce ta fara samun bakinta.

"Ikon Allah! Yau ga boko ya yi amai. Ke ba kullum kike fita aiki ba? Ko taki fitar da lasisin sama kike yin ta?"

"Koyarwa daban, tuƙi daban."

"Hassada dai daban. Uwa na kishi da 'yarta, mun ga zamani. Yaya, kana ji ka yi shiru?"

Auta ta juyo da dukan jikinta, ta ɗora ɗan abin da ya rage mata a kan fuskar uwarta. Malama ta ga lokacin da ta gane. Ta ga kuma lokacin da ta auna abin, ta ga babu wata ƙofa, ta karɓa. Makullin ya faɗi ƙasa.

"Kin kashe mini rayuwa," in ji Auta, da ƙarfin da kowa zai ji. "Kin kashe mini rayuwa, Mama!" Kukan da ya biyo baya kuwa ba na wasa ba ne, ya daɗe yana neman hanya. Ta shige gida da gudu, ta bi tsakiyar ƙofa daidai.

Saura Darakta. Yana tsaye jikin mota, hannunsa a kan rufinta, ya daɗe a haka har Malama ta fara tsammanin wani abu. Sai ya gyara wuyan riga, ya fuskanci jama'a, ya yi jawabin da ba a taɓa jin ya yi irinsa ba. Ya yi magana a kan ci gaban mata, da ƙasashen da mata ke tuƙa jirgin sama, da baƙin cikin namijin da ya waye amma aka haɗa shi da duhun kai a cikin gidansa. Ya ce shi ba zai sa 'yarsa ta saɓa wa mahaifiyarta ba, don shi ɗan halak ne, amma tarihi zai yi hukunci. Wani ɗalibi har ya tafa. Uwar saurayin Auta da labari ya kai mata ta ce uban dai mutumin kirki ne, yarinyar ma ba laifi, uwar ce sai a yi haƙuri da ita. Ta sa aka ci gaba da maganar aure, ba wanda ya ga dalilin ɗaga mata hankali da wani zance.

Mai makarantar renon yara ta ɗauki wata. Auta ta koma zama a ofishin babanta tana rubuta sunayen ɗalibai, sukan tausaya mata, wasu har su kawo mata labarin irin tasu uwar. A gida ba ta yi wa Malama magana sai ta kama dole. Da farko Malama ta ɗauka don idon mutane ne, sai ta ga ko su biyu ne a ɗaki haka abin yake. Ta fahimta. Jini ba shi da fuskar da za a ɗaure wa, ita kuwa tana da ita, ga ta kullum a tsakar gida. Sau ɗaya ta yi mata maganar komawa asibiti, don abubuwan nan da likita ya ce zai koya mata. Auta ta ce, "Asibitin me? Ni lafiyata ƙalau. Uwata ce ta hana ni."

Labari ya riga Malama isa makaranta. A ɗakin malamai aka riƙa sauya zance in ta shigo. Bayan 'yan kwanaki shugabar makarantar ta kira ta ofis, ta ba ta kujera, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata ƙungiyar 'yan mata a makarantar, Malama ce ta kafa ta da hannunta, tana tara su bayan an tashi tana nuna musu hotunan mata injiniyoyi da likitoci, tana bin iyayen da ke son cire 'ya'yansu daga aji har gida.

"Ba wai wani abu ba ne," in ji shugabar, tana kallon tebur. "Kowa da ra'ayinsa a gidansa, ni ba na shiga. Sai dai iyaye sun fara magana. Wani ma jiya ya ce mini, ai ita Malamar taku da ke damunmu, tata 'yar tana ina? Kin ga ba ni da amsa."

"Haka ne."

"Na ce ko za ki ɗan huta, sabuwar malamar nan ta riƙe. Yarinya ce, tana da zafi a kan abin."

"Tana da shi."

"Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba, wallahi. Ke fa muke nunawa." Ta jira, ko za a ce mata wani abu. "Babu dai wata matsala a gida?"

"Babu. Lafiya lau."

"To, makullin kabad ɗin ƙungiyar."

Malama ta ciro zoben makullanta daga jaka. Makullin ya daɗe a ciki, zoben ya yi tauri, sai da ya karya mata farce kafin ya fito. Ta ajiye shi a kan tebur, ta ce a faɗa wa sabuwar malamar ƙofar kabad ɗin tana cijewa, sai an ɗan ɗaga ta sama. Aka buga ƙararrawa. Ta tsotse jinin da ke gefen farcen, ta ɗauki allinta ta tafi aji.